Lomar Na Baya

Shekara ashirin da wani abu mahaifiyata ta yi tana sayar da abinci a wata rumfa a Gomari, gefen hanyar da ke zuwa filin jirgi. Da gwiwoyinta suka ƙi, sai ta kira ni gidanta a Galtimari ta miƙa mini makulli. A lokacin ban daɗe da ajiye aikin koyarwa ba, kuma darasin da na yi shekaru ina koyarwa shi ne girki da tsaftar gida. Saboda haka na karɓi makullin nan ina jin babu wanda zai nuna mini komai a kan tukunya. Mutanen unguwa Malama suke ce mini, ni kuwa sunan ya ɗan hau mini kai, ba zan ɓoye ba.

Abin da na gada ba shi da yawa. Manyan tukwane huɗu, murhun gawayi, benci biyu a ƙarƙashin darbejiya, da farantai irin na da, na ƙarfe masu farin fenti da jan fure a tsakiya. Na kuma gaji Iya, wata dattijuwar Babarbariya da ke wanke-wanke. Gudun rikici ne ya kawo ta birni daga ƙauyensu, Mama ta ɗauke ta aiki. Ba ta da yawan magana, Hausarta ma ɗan kaɗan ce, sai dai hannunta ba ya zama. Abu na ƙarshe da na gada shi ne wani ƙaton bokiti a bayan rumfa, inda ake zuba duk abin da ya rage.

Bokitin nan shi ne abokin gabata tun ranar farko. Ƙanzon shinkafa, tumatirin da ya yi laushi, kan kifi, sauran tuwon da ba a sayar ba, duk ciki suke tafiya. Zafin Maiduguri kuwa ba ya jiran kowa. Kafin la'asar abin ya yi tsami yana kumfa, har matar da ke zuwa ɗauka don awakinta takan leƙa ta toshe hanci ta wuce.

Ina da dalilin ƙin bokitin. A shekarun da aka yi ta gudu daga garuruwanmu na kudancin Borno, gidanmu ya cika da dangi har zaure. Ni ce mai auna hatsi, da gwangwanin madara nake aunawa, ina shafe bakinsa da yatsa kada ya yi tozo. Na ga ƙanwar mahaifina tana cewa ta ƙoshi alhali loma biyu ta yi, don kawai yara su samu. Wanda ya ga wannan da idonsa ba zai kalli shinkafa tana ruɓewa a bokiti zuciyarsa ta kwanta ba. Duk sanda na wuce ta bayan rumfa sai na ji raina ya ɓaci.

Na fara gyara, kuma har yau ina alfahari da gyaran. Ƙanzo na hana a jiƙa shi a zubar. Sai a kankare shi a shanya a kan wani tsohon kwanon rufi da na wanke, rana ɗaya ya bushe ƙayau, in daka shi sama-sama, in jiƙa, in kwaɗa da ƙuli-ƙuli da albasa da ɗan yaji. Abin da ake zubarwa jiya ya zama abin da ma'aikatan filin jirgi ke tambaya tun ƙarfe goma. Tumatirin da ya fara laushi a yanka a shanya ya zama kauɗa. Kan banda da ƙayarta a soya a daka, su shiga miyar kuka. Shinkafa na daina dafa ta gaba ɗaya da safe, na raba ta biyu, ba a ɗora tukunya ta biyu sai na ga gindin ta farko. Ruwan wankin shinkafa ma ban bari ba, na shuka yakuwa da kuɓewa a bayan rumfa, su suke shanye shi.

Da na je ina ba Mama labari ina ta zuba, sai ta kalle ni ta ce ita dai ta bar mini rumfar abinci ne, ba ta san asibitin ƙanzo ta bar mini ba. Amma na ga ta ci kwaɗon da na kai mata har ta nemi ƙari.

A makona na farko ne kuma na yi wani gyaran da ban ɗauke shi a bakin komai ba. Na tarar da Iya a wurin wanke-wanke tana zuba sauran abincin wasu farantai a cikin wata shuɗiyar samira mai murfi, wadda take ɓoyewa a bayan randa. Nan take malamar da ke cikina ta tashi. Na yi mata darasi mai tsawo a kan ƙwayoyin cuta da amai da gudawa, na ce abincin da hannun wani ya taɓa ba mai ci a rumfata, bokiti za shi. Na ce daga yau kullum za a zuba mata nata farantin, mai tsafta, daga tukunya. Ta buɗe baki za ta yi magana na ce babu sai dai. Ta sunkuyar da kai ta ce to, ta wanke samirar ta kife. Ni kuwa na tafi ina jin na yi mata alheri, ban ko tambaye ta su nawa ne a gidanta ba.

Cikin wata biyu bokitin ya koma rabi, sannan ya koma kwata. Abin da ya ƙi ƙarewa shi ne sauran faranti, kuma yawancinsa daga benci ɗaya yake fitowa. Wannan benci na dattawa ne, mutum shida ko bakwai, waɗanda tun zamanin Mama suke zuwa kullum bayan sallar azahar. Babbansu wani tela ne Babarbare, dogo, mai farin gemu, shagonsa yana bayan layinmu. Sauran akwai tsofaffin direbobi da wani Shuwa mai dillancin shanu. Tuwon dawa suke ci da miyar kuka, ran Juma'a kuma burabusko, biskin gero irin na Barebari. Kowannensu in ya ci ya ci, sai ya bar loma ɗaya babba a tsakiyar faranti, sau da yawa har da yankan nama a kai, ya wanke hannu ya yi hamdala ya tashi. Kullum haka, ba fashi.

Na zauna na yi tunani irin na 'yan boko. Mutum ya bar abinci, ai ya yi masa yawa ke nan. Tsofaffi ne, cikinsu ya ƙanƙance, Mama ce da hannunta mai nauyi ta saba cika musu faranti. Sai na ajiye marar da Mama ke kwasar tuwo da ita, na sayo wata 'yar ƙarama a kasuwa. Malmalar ta ragu kaɗan. Na tsaya daga nesa ina kallo. Suka ci, suka bar loma ɗaya a tsakiya, suka tashi.

Na ce ashe har yanzu da saura. Bayan mako biyu na ƙara ragewa. Suka sake barin loma. Raina ya fara ɓaci, na ce wannan ai almubazzaranci ne ya zame musu jiki, kuma ni zan raba su da shi. Na rage karo na uku, har malmalar ta koma abin da ko ɗan firamare ba zai ƙoshi da shi ba. Da na ajiye wa tela farantinsa ya dubi tuwon, ya dube ni, ya ce wushe Malama, wato sannu da Barbarci, ya yi bisimilla. Ya ci abin da ya ci, ya bar loma da yankan nama ɗaya daga cikin biyun da na sa masa. Ranar har na ji kamar in bi shi da farantin.

Yanzu in na tuna sai in rufe fuska. Mace mai takardar koyarwa, tana auna yunwar mutum da abin da ya bari, ba ta taɓa buɗe baki ta tambaye shi ko ya ƙoshi ba. Sau biyu Iya ta zo ta tsaya kusa da ni lokacin kwasar tuwo tana murza gefen zanenta. Na ce mata in aiki ya ƙare ta je ta tsince yakuwa.

Ranar wata Talata na kwashe farantan dattawan da kaina, don Iya ta je ɗebo ruwa. Na zagaya baya, na kankare lomomin nan cikin bokiti ɗaya bayan ɗaya, ina mita a fili. Da na ɗago sai na ga tela a tsaye da buta a hannu, ya zagayo wanke hannu. Ya kalli bokitin, ya daɗe yana kallo. Sannan ya ajiye butar ya tafi.

Washegari bai zo ba. Jibi direbobi biyu suka ɗauke ƙafa. Kafin mako ya zagayo bencin dattawa ya zama wurin kwanciyar kyanwa. Kuma a Gomari in dattawa suka bar wuri, ba su kaɗai suke tafiya ba. Masu keke da ke cin abinci a wurina saboda sun ga iyayen gidansu a nan, su ma suka fara wucewa suna kau da kai. Tukunyar shinkafa ta biyu na daina ɗora ta. Bokitin dai ya kusa zama fanko, amma rumfar ma haka.

Ranar Lahadi bayan sujada, a taron zumuntar mata, wata ta ja ni gefe ta ce in yi haƙuri da abin da za ta faɗa. Ana cewa 'yar Mama boko ya ƙanƙance mata hannu, wai da cokalin shayi take kwasar tuwo. Na yi dariyar da ba ta kai ciki ba, na ce masu faɗa su zo su riƙe muciya mu gani. Amma na san in magana ta shiga zumuntar mata, kafin yamma ta isa Galtimari.

Ta kuwa isa. Litinin da hantsi keke ya tsaya a bakin rumfa, Mama ta sauko da ƙyar tana dogara sanda. Matar da ta yi wata uku ba ta fita ko coci ba. Ba ta amsa gaisuwata ba. Ta wuce wurin tukwane, ta ɗauki 'yar marata ta juya ta a hannu, ta tambaye ni ko ta wasan 'yar tsana ce. Sannan ta zauna a bencin dattawa ita kaɗai.

"Shekara ashirin ba wanda ya tashi daga bencin nan da yunwa," in ji ta. "Ba ni da gida a GRA, ba ni da mota. Wannan sunan kaɗai na tara. In bencin nan bai cika ba kafin ƙarshen wata, ki kawo mini makullina. Gara in rufe ta da hannuna da a ce rumfata ta rowa ce."

Na fara kare kaina. Na lissafa mata ƙanzo da kauɗa da kan banda, na ce su dattawan nan su ne masu ɓarna, ko nawa aka zuba musu sai sun bari. Mama ta dube ni kamar yau ta fara ganina. Ta tambaya ina shuɗiyar samira. Na ce wace samira. Ta juya wajen Iya ta yi mata magana da Barbarci, wanda ni ban iya ba sai gaisuwa. Iya ta amsa a hankali, kanta a ƙasa, tana nuna inda samirar take a kife a bayan randa, ƙura ta rufe ta. Mama ta ja dogon numfashi ta miƙe. Ta ce ba ita za ta gaya mini ba, tunda ni ce Malama, in je in tambayi wanda na kora.

Kwana biyu ina fama da girman kaina. Ran Laraba na ɗauko marar Mama daga inda na jefa ta, na kwashi malmala biyu irin na da, na zuba miya da nama, na rufe, na ɗauka zuwa shagon tela. Na same shi a kan keken ɗinki yana haɗa wuyan wata babbar riga. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa da lale lale kamar babu abin da ya faru, ya sa aka ba ni kujera. Sai da muka gama gaisuwar gida da ta zafi da ta jikin Mama, sannan na ce na zo ba da haƙuri ne a kan ƙanƙantar tuwo, kuma na dawo da mara ta da.

Ya tsayar da keken. Hausarsa irin ta tsofaffin Barebari ce, mace ma kai yake ce mata.

"Malama, kai kana ganin yunwa ne ya kore ni? Yunwa mun san shi. Da tuwo ya ƙanƙance mun ce kasuwa ne ya yi wuya, yarinya yana ƙoƙari, mu rufa masa asiri. Abin da na gani a bokiti shi ne ya kore ni."

Daga nan ya yi mini bayani, a hankali, yana warware zare a yatsa. Ya ce tun yana yaro a garinsu ba a yarda babba ya share kwano ba. Uwarsa takan ce in ka ci ka tuna akwai na baya. Maigida ya ci ya bar wa yara, baƙo ya ci ya bar wa masu gida, kuma ba ƙashi ake bari ba, abu mai kyau ake bari. Ya ce shi bai san ranar da ya taɓa cinye abinci tas ba, ko a shekarar da aka yi fari. Da suka fara cin abinci a rumfar Mama, sun san a gidan abinci babu na baya, sai dai hannu ya riga ya saba. To da Iya ta zo, suka ji tana riƙe da jikoki huɗu waɗanda iyayensu ba su fito daga ƙauye ba, sai lomar ta sami masu ita. Ba wanda ya yi shawara da wani, ba wanda ya ce wa Iya ga sadaka. Su dai suna bari, Mama tana kau da kai, samira tana cika, yara suna cin tuwo da nama da yamma.

Ya ce duk watannin nan da nake rage malmala, su suna rage cikinsu ne don kada lomar yaran ta ragu. Ba su san bokiti suke ciyarwa ba.

Ban san sanda hawaye ya zubo mini ba. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, har na rasa inda zan sa idona. Ni da nake yaƙi da ɓarna, ni ce na ɗauki abincin marayu da hannuna na zuba a shara wata da watanni, ina kuma zagin waɗanda suka bar musu. Faranti ɗayan da nake ba Iya ina jin na yi abin kirki, ashe ba ta ci, ƙullewa take ta kai gida su raba su biyar.

Amma ko a cikin kukan, malamar ba ta mutu ba, kuma wannan ban ji kunyarsa ba. Na ce masa Baba, na yi kuskure babba, sai dai abu ɗaya ba zan janye ba, abincin da hannu ya taɓa ba zan bari yara su ci ba, ga zafi ga cututtukan da ke yawo. Na kawo shawara a ajiye samirar a kan benci da cokali, kowa ya ɗebi lomarsa ya zuba kafin ya sa hannu. Ya girgiza kai tun ban rufe baki ba. Ya ce wannan ya zama a zo a gani, kowa yana kallon cokalin wani, ita kuma Iya za ta zama mai bara a gaban jama'a. Ya ce daɗin abin shi ne ba wanda ya bayar, ba wanda ya karɓa.

Na sake tunani. Can na ce to in ni na cire fa, tun a bakin tukunya, inda ba mai gani? Malmala irin ta Mama, cikakkiya, in yanki lomar da ya saba bari da yankan namanta in sa a samira da zafinta, in kawo masa sauran. Ya ce to shi ta yaya zai san an cire? Na ce zan gaya masa. Ya yi murmushi ya ce shekara saba'in hannunsa yana tsayawa a wuri ɗaya, bai sani ba ko zai ji maganar Malama. Bai ce zai zo ba, bai ce ba zai zo ba. Ya dai karɓi tuwon da na kawo.

Da na koma rumfa na ɗauko samirar da kaina, na wanke ta da toka da sabulu har shuɗinta ya fito. Na je na durƙusa a gaban Iya, abin da ban taɓa yi ba, na ce ta yafe mini. Ta kama hannuna ta ɗaga ni tana cewa babu komai, babu komai, Malama bai sani ba. Na tambaye ta shekarun yaran, ta lissafa mini su da yatsu. Ranar samirar ta tafi gida a cike, daga tukunya.

Alhamis benci ya wuni fanko. Juma'a na dafa burabusko kamar yadda aka saba, ina yi ina cewa ko ba su zo ba ai ba za a zubar ba. Mama ta sa keke ya kawo ta tun hantsi, wai ta zo shan iska ne, ta zauna a kujera a cikin rumfa inda take hango komai. Bayan an sauko daga masallaci na ji gyaran murya. Tela ne a gaba da farar riga, direbobi uku a bayansa, sai Shuwan yana ta faɗa da wani a waya. Suka gaisa da Mama da wasa da dariya, suka zauna a wurarensu kamar jiya suka tashi.

Na wuce bakin tukunya. Na zuba wa kowa irin zubin Mama, na ɗebe loma babba daga kowane faranti da yankan nama, na sa a samira, Iya ta rufe. Na kai wa tela nasa da hannu biyu, na sunkuya na ce a hankali yadda shi kaɗai zai ji, "Baba, an cire na baya." Haka na bi su ɗaya bayan ɗaya ina faɗa.

Na koma na tsaya jikin turken rumfa, na kasa yin komai. Suka ci suna hira. Da abinci ya zo ƙarshe sai hirar ta mutu. Na ga tela ya tattara sauran a tsakiyar faranti kamar yadda ya saba, loma ɗaya, ya ɗaga hannu zai nemi buta. Sauran duk suka dakata suna kallonsa, don abin da ya yi shi za su yi. Ya waiwayo ya dube ni. Iya ce daga can wurin wanke-wanke ta ɗan ɗaga murfin samirar, tururi ya tashi, ta mayar ta rufe ta ci gaba da aikinta.

Ya daɗe yana kallon lomar. Sannan ya sake yin bisimilla, ya ɗauka ya kai baki. Ya bi farantin da yatsa ya share miyar tas. Direbobin suka bi, Shuwan ma ya bi yana cewa wallahi yau uwarsa da tana raye da ta mare shi.

Yau shekara huɗu ke nan. Makullin yana hannuna, Mama ba ta sake tambayarsa ba, ba ta kuma taɓa ce mini na yi daidai ba, sai dai duk wanda ya je gaishe ta sai ta ba shi labarin 'yarta da ta kashe bokiti. Bokitin kuwa na huda gindinsa na shuka barkono a ciki. Samira ɗaya ta zama uku, don masu keke da ma'aikata sun ji abin da nake raɗa wa dattawa, yanzu mutum zai zauna ya ce Malama a cire na baya, kamar yadda zai ce a ƙara yaji. Biyu suna zuwa gidan Iya da maƙwabtanta, ɗaya wurin wata makauniya a layinmu. Babbar jikar Iya tana aji uku a sakandare. In aka tambaye ni abin da na yi a duniya wanda nake taƙama da shi, ba na ambaton shekarun aji, wannan nake faɗa, har da kuskuren, don ba na cire shi daga labarin.

Amma abin da ya fi zauna mini a rai shi ne abin da ya faru a ƙarshen waccan Juma'ar. Da na zo kwashe farantai, tela ya riƙe nasa bai sake mini ba. Ya karkata shi wajen haske yana dubawa, ya kira Mama ta leƙo.

"Shekara ashirin ina ci a farantin nan," in ji shi, "ashe akwai fure a ciki."